Sikeli da Zogale: Littafin Aikin Bayan Aji

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Ranar Litinin wata 'yar aji biyu ta yanke jiki ta faɗi ana tsaka da taron safe. Ita ce ta uku tun da aka dawo daga dogon hutu. Muka kwantar da ita a benci a ofis, muka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo. Na ja fatar idonta ta ƙasa na duba, fari fat. Na ce, “Da me kika karya?” Ta sunkuyar da kai. Ashe rabonta da abinci tun tuwon dare, kuma kafin ta kamo hanya sai da ta yi surfe, ta ɗebo ruwa jarka biyu, sannan ta tako tafiyar da ta kusa awa guda.

Shekarata tara ina koyar da kimiyya a wannan makarantar ta jeka-ka-dawo. Duk shekara ina rubuta rukunan abinci a allo, su kwafa, su ci jarrabawa, su koma gida a ci abin da aka saba. Jiya na samu shugaban makaranta na ce ina son in gwada wani abu dabam. Ya ba ni filin bayan aji uku inda ake zubar da shara, da awa ɗaya duk ranar Alhamis bayan an tashi. 'Yan mata 34 suka rubuta suna. Maza kuwa, malamin wasanni ya ce a bar masa su. Na sayi wannan littafin don in riƙa rubuta abin da ya faru yadda ya faru, mai daɗi da marar daɗi.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na yi kuskure yau, kuma yana ci mini rai. Na aro sikeli daga asibitin sha-ka-tafi na garinmu, na ajiye a gaban aji, ina kiran su ɗaya bayan ɗaya, ina faɗin kilon da ƙarfi don mai rubutawa ta ji. Da wadda ta fi kowa rashin nauyi ta hau, sai na ji an ce “tsinke” daga baya, aka kwashe da dariya. Da wadda ta fi nauyi ta hau, aka ce “buhun gero”. Ta farkon ta yi dariyar yaƙe. Ta biyun ta ja hijabi ta rufe fuska, har aka tashi ba ta ɗago ba. Ni na kawo sikelin, ni na miƙa musu sandar da suka doki juna da ita. Daga yau ba wadda za a sake aunawa a gaban wata.

Kafin su watse na raba musu 'yan takardu, na ce kowa ta rubuta yadda take son jikinta ya zama, kada ta sa suna. Da dare na zauna na karanta. Huɗu ne kawai ke son su rage. Sauran kusan duka ƙiba suke nema. Wata ta rubuta, “Goggona ta ce ba mai auren sanda.” Wata ta ce in sun je biki, sai an tambayi innarta ko ba a ba ta abinci ne.

Wannan ya sa na ajiye rabin abin da na shirya. Yawancin abin da na karanta a waya kan matasa da nauyin jiki daga Amurka da Ingila ya fito, su damuwarsu yadda za a rage teɓa. Mu a nan yarinya kunyar ramarta take ji. Kuma ramar ba daga sama ta faɗo ba. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa a Jigawa, cikin yara 100 'yan ƙasa da shekara biyar, 64 sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, alhali a ƙasa baki ɗaya 37 ne. Waɗancan yaran ƙannen ɗalibaina ne, daga tukunya ɗaya ake kwashe musu.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Mun kwashe shara, mun kafce ƙasa. Kaka ce, kara ya wadata, maza suka kafa mana darni. Mai unguwa ya aiko da taki amalanke guda, Allah ya saka masa. Mun dasa reshen zogale 20 a jikin darnin, mun ja fangali shida: alayyahu, yakuwa, salak, karas, albasa da tumatir. Ban ruwa daga famfon tuƙa-tuƙa na makaranta, an raba kwana.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Ma'aikaciyar lafiya ta garinmu ta zo. A ofis ta zauna, ana shiga ɗaya-ɗaya, ta duba ido da tafin hannu da harshe. Tara ta ba su takardar gwajin jini. Sannan ta fito ta yi musu bayani a gindin darbejiya, ni ma na zama ɗaliba.

Jini ba ya haɗuwa sai da sinadarin ƙarfe, wanda ake kira ayon. Yarinyar da ta fara al'ada tana zubar da shi duk wata, ga jikinta yana tsaka da girma yana neman ƙari. In ya yi ƙaranci sai jiri, da kasala, da haki a 'yar tafiya kaɗan, da karatu a ji ba ya zama. Da ta ce har kwaɗayin cin farar ƙasa yana daga cikin alamomin, sai na ga suna kallon juna, don da yawa a jakarsu take. Wancan binciken na 2018 ya ce cikin matan Najeriya 100 masu shekara 15 zuwa 49, 58 na da ƙarancin jini.

Ayon ɗin da jiki ya fi saurin karɓa yana cikin hanta da nama da kifi. Wata ta ce, “Anti, mu sai Sallah.” Ba wadda ta yi dariya, don gaskiya ta faɗa. Ma'aikaciyar ta ce to akwai shi a wake, da waken suya, da gero, da riɗi, da ganye, har da farar da ake soyawa a ci da yaji. Sai dai na tsirrai yana da nawar shiga jini, yana son a haɗa shi da mai bitamin C: a matsa lemon tsami a kwaɗo, a yanka ɗanyen tumatir, a ci gwaiba, ko a dama garin 'ya'yan kuka. Abin da ban taɓa faɗa musu ba duk shekarun nan shi ne shayi. Ganyen shayi yana riƙe ayon a ciki ya hana shi shiga jini. Wadda ta ci wake ta kora da shayi ta yi asarar wani kaso na amfaninsa. A bari awa ɗaya ko biyu ta wuce.

Kuma ba abinci kaɗai ke shanye jini ba. Akwai zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, da tsargiya, wadda muke fama da ita saboda kududdufai da fadamu. Malamin wasanni ya ce cikin yaransa akwai masu ɗaukar fitsarin jini alamar balaga, har suna alfahari. Ya yi alkawarin kai su a duba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa 'yan matan da suka fara al'ada ƙwayar ƙarin jini sau ɗaya a mako a wuraren da ƙarancin jini ya yi yawa. Ma'aikaciyar ta ce za ta nema mana.

Alhamis, 5 ga Disamba

Akwai wata 'yar aji uku da aka kai kuɗin gaisuwarta, biki sai bayan kakar baɗi. Tun watan jiya na lura kumatunta sun cika, ƙawayenta na cewa ta murje. Ni ma na ji daɗi a raina. Yau muna ban ruwa ta naɗe hannun riga, sai na ga damtsen siriri, har ya fi na da ramewa. Fuska da wuya da ciki ne kawai suka tashi. Ga gyangyaɗi a aji, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa.

Na ja ta ofis na rufe ƙofa. Ta daɗe tana wasa da bakin hijabi kafin ta zaro kati biyu na ƙwayoyi daga aljihu. “Sha-ka-fashe ne, Malama. Goggo ce ta sayo min wurin mai tallan magani ranar kasuwa.” Wata biyu ke nan tana sha safe da dare.

Abin da ya fara zuwa raina shi ne in ƙwace in jefa a masai. Allah ya taimake ni na fara kai wa ma'aikaciyar lafiya. Ta karanta jikin katin. Ɗaya maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, sifroheftadin, mai buɗe ciki ya sa barci. Ɗayan dekzametazon ne, kuma shi ya ɗaga mata hankali. Magani ne na gaskiya, likita kan ba da shi ga mai asma ko kumburi, a bisa ƙa'ida. Amma in aka ɗauki watanni ana sha, sai ya tara ruwa a jiki, ya kwashe kitse ya jibge a fuska da ƙeya da ciki, ya cinye tsokar hannu da ƙafa. Yana hawar da jini, yana hawar da sukari, yana sa ƙashi ya yi rauni, yana karya garkuwar jiki, yana rikita al'ada. Abin da ake gani a ce ƙiba ce, ciwo ne ya fito a fuska.

Sai ta ce mini, “Malama, da kin zubar da shi da kin jawo wata masifar.” Akwai wasu 'yan halittu a saman ƙoda da ke samar wa jiki irin wannan sinadarin da kansa. In aka daɗe ana shan na kanti sai su daina aiki. Ranar da aka yanke shi gaba ɗaya, jiki ba nasa ba na waje, sai amai da kasala, jini ya sauka, har a rasa rai. Dole likita ya riƙa rage shi sannu a hankali.

Asabar, 7 ga Disamba

Na je gidansu da hantsi. Innarta ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa a kwanon sha, muka gaisa. Da na kawo maganar ta ce, “Malama, mu gani muka yi ta yi kyau.” Na ce, “Inna, ki shiga da ita ɗaki ki duba cikinta da cinyoyinta.” Ta shiga, ta fito jikinta a sanyaye. Nankarwa ce manya-manya kamar ta mai tsohon ciki, a jikin yarinyar da ko aure ba ta yi ba.

Goggon na tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, duk tana ji. Ta ce, “Duk 'yan matan yanzu shi suke sha, wa ya mutu? So kuke a kai ta gidan miji a ce mun kawo musu ƙashi?” Ban yi musu da ita ba, kuma har yanzu ban ga baƙinta ba. Ita ma an taɓa kai ta gidan miji, ta san abin da bakin dangin miji ke yi wa amarya da uwar amarya. Da kuɗinta ta sayi maganin, don ƙauna.

Baban ya dawo daga masussuka, na sake bayani daga farko. Ya yi shiru, can ya ce Litinin zai ɗauke ta a babur zuwa babban asibiti.

Alhamis, 16 ga Janairu, 2025

Ɗari ya kankama. Karas da salak sun yi kyau, zogale ya tsaya cak yana jiran zafi.

Na ce yau za mu zaga fili da gudu sau uku. Wata ta ce, “Malama, ni fa na yi dakan fura kafin in taho.” Muka zauna muka ƙirga aikin kowa daga asuba zuwa magariba: daka, surfe, jan guga, itace, talla, tafiyar makaranta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 a rana yana motsi har numfashinsa ya ɗaga. Yawancinsu sun wuce haka tun kafin azahar, da ciki ba komai. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Irin waɗannan karin kumallo suka rasa, da hutu, da wasa. Na soke gudun. Muka yi gaɗa da tsallen igiya, har malaman da ke shirin tafiya suka tsaya kallo.

Masu buƙatar motsin kaɗan ne, 'yan cikin gari da ake kai musu niƙa inji, ga famfo a ƙofar gida. Cikinsu har da wadda aka kira buhun gero. Na gano tun ranar ta daina karyawa, ruwan zafi da lemon tsami kawai take sha, wai ta gani a TikTok a wayar yayanta. Sai dare ya yi yunwa ta ci ƙarfinta, ta ci ninkin abin da ta saba, ta kwana tana jin haushin kanta. Na ba ta haƙuri a kan abin da na jawo mata. Ma'aikaciyar lafiya ta duba tsayinta da nauyinta a jadawalin masu shekarunta, don ma'aunin manya ba ya aiki a kan mai tasowa. Kaɗan ta haura. Ta ce mata ta karya kullum, ta rage lemon kwalba da soye-soye, ta riƙa takowa makaranta. Ita ce yanzu mai ba da waƙa a gaɗa, tana da murya.

A ɓangaren maza, malamin wasanni ya tarar sun zuba siminti a gwangwanaye sun soka rodi suna ɗagawa, kowa na son ƙirji da damtse. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya dame shi masu haɗiyar tiramol in za su je ƙwadago don kada su ji gajiya. Ya farfaɗo musu da langa da kokawa ranar Laraba, yana shigar da maganar a hankali.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na zo da robar baƙin lemo mai rabin lita, muka karanta jikinta, muka yi lissafi a allo. Sukarin ciki ya haura giram 50. Na sa wata ta riƙa ɗiba da ƙaramin cokali tana zubawa a kofin gilashi, suna ƙirgawa tare har 13. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da ya fi shi ne kada sukarin da mutum ke sha a yini ya wuce kamar cokali shida. Wata ta ce zoɓon da take kaiwa talla ma ai haka ake zabga masa. Mun dafa namu da citta da kanumfari da rabin sukarin da aka saba. Sun yatsina fuska, amma sun shanye.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ranar iyaye mata. Na aika aka auno waken suya a kasuwar Gujungu ranar Lahadi, muka jiƙa tun jiya, aka niƙo, aka tace, aka dafa, aka tsinka da ruwan tsamiya. Rabin awarar muka soya, rabi muka zuba a miyar alayyahun lambunmu. Aka yi kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da albasa da lemon tsami.

Wata dattijuwa ta dubi farantin ta ce, “Malama, wannan ai abincin yunwa ne, a kansa kika tara mu?” Nan ta taɓo inda ke mini ciwo. Zogale da tafasa da rama sun zama abin kunya, alamar rumbu ya ƙare. Yarinya ta gwammace a gan ta da indomi ko taliya da manja a ce gidansu an waye. Na ce, “Inna, ai da tsohuwar zuma ake magani.” Ta yi murmushi, ta ja farantin gabanta.

Daga nan hira ta buɗe, suka faɗi abin da ni ba zan iya faɗa ba. Wata ta ce ƙwan kaji da na zabi duk kasuwa ake kaiwa, ba ta tuna ranar da ta dafa wa 'yarta ɗaya ba. Wata ta ce in an yi miya da nama, kwanon maigida ake fara zubawa, sai na samari, yarinyar da ta yi girkin ita ke kankare tukunya. Ba a yanke wata shawara ba. Amma an faɗa, a gaban 'ya'yan.

Alhamis, 13 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata, ga bazara ta shigo da ƙarfinta. Mun dakatar da haɗuwa, ban ruwa sai bayan la'asar. Abin da na roƙe su kawai kada a bar sahur, a samu kunun gyaɗa ko wake ko fura da nono, a yi ta shan ruwa tsakanin buɗa-baki da kwanciya. Daren Talata awaki suka fasa darni suka share fangali biyu. Mun toshe da ƙaya.

Alhamis, 15 ga Mayu

Mun sake awo, a ofis, ƙofa a rufe, kowa ita kaɗai ta ga lambarta. Kilo bai wani motsa ba, ɗaya ko biyu, kuma masu girma ne dama. Na ƙara wasu tambayoyin da yanzu suka fi mini kilon muhimmanci: kwana nawa kika karya a makon nan, kina jin jiri, yaya hawan tudun bakin gari? Masu zuwa da ciki ba komai sun ragu sosai, ko ɗumame ne ana samu. Mutum ɗaya ce ta faɗi tun Janairu, ranar wata zazzafar rana. Ba zan ce lambu ne ya yi wannan ba. An ba su maganin tsutsa, waɗanda gwaji ya nuna jininsu ya yi ƙasa sun sha ƙwayar ƙarin jini wata uku. Ƙwayar mako-mako ta kowa da kowa dai ba ta samu ba har yau.

Mai sha-ka-fashe ta rabu da shi, likita ya ɗauki makonni yana rage mata. Fuskarta ta saɓe, ƙishirwar ta tafi, nankarwar ta dushe amma tana nan. Abin da ya fi ba ni tausayi, da kumburin ya sauka sai mutane suka fara tambayarta ko ciwo ta yi. Lokacin da take cikin ciwon yabonta ake yi. Wasu biyu sun same ni a ɓoye da nasu katin, na haɗa su da ma'aikaciyar lafiya.

Asabar, 21 ga Yuni

Ruwa ya sauka, an yi shuka, rabin 'yan matan suna gona. Zogalen ya fi ni tsayi. Mun tsinki na farko mun shanya a inuwa cikin aji, don rana tana ƙone amfaninsa. Naman layya ya ƙare a gidaje, rumbuna sun fara ƙara in an buga, kuma watanni biyu masu zuwa su ne mafiya wuya kafin sabon gero. A lokacin ne zan san ko karin kumallon nan zai ɗore.

Mun tara ledojin ruwa da aka yar, mun cika da ƙasa da taki, mun shuka irin zogale. Wadda duk ta zo za ta tafi da uku, ta dasa a bayan ɗaki inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa.

Innar yarinyar nan mai sha-ka-fashe ta aiko a tambaye ni yawan ruwan tsamiyar da ake zuba wa mudun waken suya. Goggon kuwa mun haɗu a gidan suna, na gaishe ta, ta amsa a daƙile. Mai tallan maganin yana nan yana zuwa duk ranar kasuwa da kwanonsa a ka. Na yi magana da shugaban makaranta, ranar Alhamis ni da shi da ma'aikaciyar lafiya za mu je wurin mai unguwa, ya ce zai kira liman ya zauna. Na ajiye katin nan biyu da babu komai a ciki, da su zan tafi.